Sunan Da Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Ƙofar Dundaye, Sakkwato,
10 ga Sha'aban, 1398,
16 ga Yuli, 1978.

Zuwa ga Na Inno,

Da sunan Allah nake farawa. Bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Zainabu da yara. Allah ya kiyaye ka a wurin aiki, ya raba ka da sharrin ruwa da na injuna, ya sa albarka cikin abin da kake nema. Mu nan mun gode Allah. Damina ta zauna, ƙanwarka Mariyatu ta ce geronsu a Wamakko ya kai gwiwa. Takan zo duk Juma'a ta yi mana wanki da daka, ta koma kafin magariba, don ita ma tana da nata gidan. Ni dai ƙafafu sun ƙi, masallacin unguwa ma sai na huta sau biyu a hanya. In ka ga rubutun yana karkacewa, tsufa ne, ka yi haƙuri da shi. Malam Bawa ya rasu ranar Litinin ta makon jiya, Allah ya jiƙansa. Shi ne na ƙarshe cikin waɗanda muka zauna aji ɗaya. Yanzu in na fito zaure da la'asar ba mai zuwa, sai motocin siminti na Kalambaina da suke wucewa suna girgiza mana katanga.

Takardarka ta iso. Na ga ka ce hankalinka ya kwanta da abin da na rubuta maka a watan Afrilu game da mahaifiyarka, har ka ɗaga hutunka zuwa bayan Babbar Sallah saboda sabon aikin da aka ba ku. Saboda wannan nake rubuto maka yau. Takardar nan ta Afrilu ba ƙarya na yi a cikinta ba, amma ban cika gaskiya ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a kotun alƙali, ban taɓa rage maganar shaida ba, sai ga shi da tsufana na rage tawa. Bari in maimaita maka labarin tun daga farko yadda ya faru.

Ka san yadda abin ya soma tun bara. Ta zuba gishiri a miya sau biyu, ta yi Azahar ta sallame ta sake tashi ta yi alwala don Azahar, ta ajiye buta cikin tukunyar hatsi ta ce Mariyatu ta ɗauke. Duk muka ce tsufa ne. Amma da ta tafi barka gida na huɗu daga namu, ta kasa gane hanyar dawowa a unguwar da ta yi shekara hamsin da uku, har sai da maƙwabciyarmu Kaltume ta tsince ta wajen masu sayar da itace, sai magana ta yi yawa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Na yi mata rubutu ta sha, na yi addu'a iyakar sanina, kuma ban daina ba. Sannan Maccido mijin Kaltume, wanda yake aiki Kalambaina, ya ce akwai wani likita Ba'indiye da ya yi karatu Ingila, ya san ciwon tsofaffi. Shi ya ɗauke mu a motarsa.

Na ɗauka za a sa mata wata na'ura a kai a ga abin da ke ciki. Ashe ba haka ake yi ba. Da farko ya auna jininta, ya haska idanunta da tocila, ya bubbuga gwiwoyinta da wata 'yar guduma ta roba, ya shafa wuyanta ko akwai maƙoƙo, ya sa ta yi tafiya zuwa bango ta dawo. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗauki hoton kai. Ya tambaye ni ko ta taɓa faɗuwa ta bugu, ko wani ɓangare na jikinta ya taɓa mutuwa, ko an yi mana rashin da ya jefa ta cikin baƙin ciki, da irin magungunan da take sha. Ya ce akwai cututtuka da yawa da suke kawo mantuwa kuma suna da magani, kamar ƙarancin jini da ciwon sukari da ciwon wuya, don haka aikinsa na farko shi ne ya nemi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. In an same su, an yi sa'a. In an nema an rasa, to saura wanda ba ya so ya ambata tukuna. Ka ji abin mamaki, mutum ya zauna yana roƙon Allah a sami ciwo a jinin matarsa.

Bayan haka ya ce zai yi mata tambayoyi, ni kuwa in zauna can gefe kada in sa baki. Ba ya jin Hausa, sai wata nas mai suna Sadiyatu, 'yar garin nan, take fassarawa. Bai san ina jin Turanci ba sai daga baya. Ya tambayi shekarunta, ta ce an haife ta bayan zuwan Nasara da shekara biyar, shi da ya yi boko ya lissafa. Ya tambayi wane wata ake ciki, ta ce bazara ce, ko shi ba ya jin zafi? Ya tambayi ƙarfe nawa, ta ce hantsi ya yi, ita ba ta ɗaura agogo. Ya tambayi shekarar da aka fara yaƙin Jamus na farko, ta ce ba a gayyace ta ba, amma ta ji manya suna cewa shekarar babbar yunwa ce, har ta shiga ba shi labarin yadda uwarta ta dafa musu ganye kwana tara. Ya tambayi wanda yake mulkin ƙasa, ta ce soja. Ya ce wane daga ciki, ta ce ai kafin a riƙe sunan wannan an kawo wani. Sadiyatu ta sunkuya tana dariya, ni ma na ji sanyi a raina, na ce ashe tana nan yadda na san ta.

Sai ya nuna ni da alƙalami ya ce wane ne wannan. Ta sunkuyar da kai ta ce Malam ne. Ya ce mene ne sunansa. Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya ce to 'ya'ya nawa gare ta, ta ce biyu suka rayu. Ya ce mene ne sunan babban. Ta kau da kai ta dubi taga. Na ga ya ja layi biyu a takardarsa, na ji yana cewa a hankali, ba ta san sunan mijinta ba, ba ta san na ɗanta ba. Nan na kasa haƙuri, na miƙe da sandata na yi masa Turancin da na yi shekaru ban yi ba. Na ce likita, ba mantuwa ba ce, kunya ce. Macen kirki a ƙasar nan ba ta faɗin sunan mijinta, kuma uwa ba ta kiran ɗan farinta da suna, ko uba ma haka. Na ce masa tun ranar da aka raɗa maka suna ba ta taɓa furta shi ba, ni ma ban taɓa ba. Uwata Inno ce ta ɗauke ka bayan yaye, shi ya sa muke ce maka Na Inno har ka yi furfura. Likitan ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ya ce a ƙauyensu ma haka ne, uwarsa har ta mutu ba ta ambaci sunan ubansa ba, kuma ya ji kunya da bai tuna ba. Ya soke layukan biyu a gabana, ya ba ta haƙuri ta bakin Sadiyatu.

Wannan ne na ba ka labari a takardar Afrilu. Na ce maka tambayoyin Turawa ne da ba su dace da mutanenmu ba, har likitan da kansa ya janye. Abin da ban gaya maka ba shi ne sauran. Tun farkon zaman ya faɗa mata abu uku, akuya da tabarma da gishiri, ya sa ta maimaita har sau uku, ya ce ta riƙe zai tambaye ta. Da ya tambaya bayan ɗan lokaci, ta ce ba wanda ya gaya mata komai. Ya ce ta ƙirga daga ashirin ta dawo ɗaya. Ta ce wane mai hankali ne yake ƙirga da baya, amma ta fara, ta kai sha shida ta tsaya, ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya san hanya. Matar da take kaɗin zare ta riƙe adadin kowane ƙulli a ka ba tare da ta taɓa kuskure ba. Ya ce ta faɗi sunayen dabbobi iyakar saninta, ta kawo huɗu, ta maimaita jaki sau biyu. A nan babu kunya, babu Turanci. Na gani, na rufe ido.

Da sakamakon jini ya fito ba a sami komai ba, hoton kai ma lafiya. Likitan ya ce zama ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, sai a ga ko abin yana ƙaruwa, mu dawo bayan wata uku. Ya ce a Ingila an fito da wata na'ura mai ganin cikin kai, amma ko ita ba ta nuna wannan ciwo kai tsaye, tabbacinsa sai bayan rai in an duba ƙwaƙwalwa, abin da ba za mu yarda ba, shi ma bai nema ba. Saboda haka, in ji shi, babban ma'auninsa ni ne, ni da na san ta. Ya ce tunda tambayoyinsa baƙi ne a nan, kada in damu da abin da ba ta taɓa sani ba, in lura da abin da ta saba kiyayewa ta saki. Ya ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da na gani da kwanan wata. Na sayi littafin, na ja masa layi kamar na kotu. Na rubuta ranar da ta bar tukunya ta ƙone, da ranar da ta sa takalmi ɗaya nata ɗaya nawa, da ranar da ta tambaye ni sau shida ko an yi ruwa alhali tana tsaye cikin taɓo. Ƙanana na rubuta. Babban na bar shi a waje.

Ranar Talata da ta wuce muka koma. Ya karanta littafin shafi shafi, ya yaba rubutun, ya ce ke nan duka? Na kau da kai. Ya sake tambayoyin nan, ya tsallake na sunaye don mutunci. Daga ashirin ta kai sha tara kawai. Abu uku ko maimaitawa ba ta iya ba. Labarin yunwa dai ta ba shi daram, kalma ba ta canza ba, ya ce haka ciwon yake, sabo yake fara ci, tsoho sai daga baya. Sannan ya nuna ni, ba suna ya tambaya ba, cewa ya yi kawai ko ta san wannan. Na Inno, ta ɗaga kai ta dube ni ido cikin ido a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta daɗe tana dubana. Sai ta ce wa Sadiyatu, da murya mai daɗi kamar tana yabon baƙo, “Ban san shi ba, amma dattijon kirki na, shi yak kawo ni. Ku ce ma Siddiƙu ya zo ya kai ni gida, rana ta yi.”

Shekara hamsin da uku ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ƙuruciya nakan tsokane ta in ce ko sau ɗaya ta faɗa in ji yadda zai fito, ta ce in je in tambayi uwata. Yau ga shi ta faɗa, sarai, ba gargada, kuma ba ni take nufi ba. Sadiyatu ta dafe baki ba ta fassara ba. Ba a buƙaci fassara ba, sunan yana rubuce a katin da ke gaban likitan. Ya rufe alƙalaminsa. Hujjar da na tsaya da sanda na kare ta da ita a watan Afrilu, ita ce ta tashi ta ba da shaida a kanmu.

Ya sa Sadiyatu ta fita da ita, ya rubuta mani sunan ciwon a takarda, Alzheimer, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayyana shi. Ya ce ba zai rantse ba, amma duk abin da zai iya korewa ya kore, abin kuma yana tafiya a hankali ba ya komawa baya, alamu duk sun taru a kansa. Ya ce ba hauka ba ne, ba laifin kowa ba ne, ƙwaƙwalwa ce take ƙanƙancewa. Babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Ya ce a kiyaye ta da wuta da rijiya da ƙofar gida, kada a yi mata gardama, kada a sauya mata ɗaki. Na ce har yaushe. Ya ce jiki yana iya kai shekaru, amma magana da sanin mutane ba wanda zai ba ni wa'adinsu, abin da take da shi yau ba lalle ya kai Sallah ba. Ya ce in akwai wanda ya kamata ta gani, yanzu ne. A nan na gaya masa abin da ban sa a littafi ba, kuma shi ne zan gaya maka.

Tun ruwan farko, kusan mako shida ke nan, kullum da hantsi takan dama fura a 'yar ƙwarya, ta zo bakin zaure daga ciki ta tsaya, ta ɗaga murya ta kira ka. Ba Na Inno take cewa ba. Sunanka na yanka take kira, sau uku, sau huɗu, tana jan ƙarshensa yadda ake kiran yaron da ya yi nisa wurin wasa. Ranar farko Kaltume ta leƙo ta katanga a firgice, ta ɗauka wani labari muka samu daga Fatakwal. Ni kuwa na ce wa raina wani yaron unguwa take kira mai irin sunan. Babu mai irin sunan a layinmu. Takan jira, in ba a amsa ba ta koma da furar ta rufe da faifai, ta ce ya tsaya wasa, a ajiye masa. Wata rana tausayi ya kama ni na amsa daga zaure. Ta leƙo ta dube ni ta ce, “Ba kai nika kira ba.” Tun ranar ban sake ba. Ina zaune ina ji, ba mai amsawa.

Akwai abin da ban manta ba, ko da kai ka manta. Kana ɗan shekara takwas, Inno ta kawo ka gidan nan ranar Sallah, na ji ka daga zaure kana tambayarta don me mahaifiyarka take kiran Mariyatu da suna ta ɗora ta a cinya, kai kuwa ko dubanka ba ta yi. Inno ta ce ka yi shiru, haka ake yi. Ni ma na yi shiru, don haka ake yi. Ranar da za ka tafi kudu ba ta fito raka ka ba, na ga ka waiwaya sau biyu kafin ka shiga mota. Ba ka san ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, kuma rigarka ta makaranta tana cikin adakarta har yau. Ban ce al'adarmu ta yi laifi ba, da ita aka rene mu, da ita muka ga mutuncin juna. Amma yanzu na gane sunan nan yana bakinta shekara arba'in da takwas, tana danne shi. Ciwon da ya kwashe mata kwanaki da hanya da fuskata, shi ne ya buɗe masa ƙofa. Ban san ranar da zai dawo ya ɗauke shi ba.

Saboda haka kada ka jira Babbar Sallah. Ka nuna wa manyanka wannan takarda in ya zama dole, ka zo kafin azumi, ko kwana uku ne. Kada ka ce za ka aiko a kai ta Legas ko Ingila, na tambaya, ya ce tafiya za ta ƙara rikita ta, kuma abin da zai faɗa su ma shi za su faɗa. Ba na ɓoye maka, mai yiwuwa in ta gan ka ba za ta gane ka ba, yaro take nema, kai kuwa ka zama dattijo. Na yi ta tunanin yadda za a yi. In ka iso, ka kwana gidan Maccido, ya yarda. Da hantsi ka shigo zaure ka zauna kusa da ni, kada ka yi sallama zuwa ciki. In ta kira, ka amsa daga inda kake, kafin ta ga fuskarka. Mai yiwuwa murya ta isa inda fuska ba ta isa. In ma ba ta gane ba, kai dai ka ji da kunnenka, ka karɓi furar.

Ka gai da Zainabu da kyau, ka ce ina gode mata da man zafin da ta aiko, yana taimakon gwiwa. Ka shafa mani kan Jibrin da Uwani, ka ce kakansu yana sa musu albarka, su riƙe karatu da salla. Mariyatu da maigidanta suna gaishe ka, ita ma ba ta san na ɓoye maka ba, ranar Juma'a da ta ji ta yi mani faɗa har da kuka, kuma tana da gaskiya. Maccido da Kaltume suna gaisuwa, Allah ya saka musu, su ne ƙafafunmu yanzu. Ka sa mahaifiyarka cikin addu'a, ni ma ka yafe mani watanni ukun da na ci maka.

A bayan ambulan nakan rubuta sunanka saboda ma'aikatan gidan waya, amma wannan adireshi ne, ba kira ba. Tunda ita ta riga ni, ban ga abin da ya rage in ɓoye ba. Na daɗe riƙe da alƙalami a wannan layi.

Attahiru, ka zo gida. Uwarka tana kiranka.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da muryarta. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Siddiƙu.